Mijinyawa Mai Majigi da Igiyar da Ta Rage

A duk ƙasar Boɗinga ba a yi mutumin da ya taɓa kayar da Mijinyawa a gardama ba sai mace ɗaya, ita ma a tsakar gidansa ta yi, tana tankaɗen gari, ko kai ba ta ɗaga ba. Atika ke nan, matarsa.

Abin da ya haɗa su, Baturen majigi ne ya ce za a ɗauki hoton wani wasa a garin, Mijinyawa zai fito a magidanci, kuma za a ɗauko wata mai zaman kanta daga Sakkwato ta zama matarsa a cikin wasan. Gogan ya shigo gida yana ba da labari, haƙora duk a waje, don namiji in abin daɗi ya same shi mantawa yake da wa yake magana.

"Ita za ta aza maka tuwo?" in ji Atika.

"Tuwon ƙarya na, Atika. Wasa na. Aikin gwamnati."

"Ta durƙusa ta ba ka ruwan wanke hannu?"

"Durƙuson ƙarya."

"Kuma a nuna ta Sifawa, a nuna ta Dingyaɗi, a kai ta Shagari ƙofar gidan ubana, a ce ga matar Mijinyawa? To ba wadda za ta yi sai ni."

Mijinyawa ya gyara tsayuwa ya buɗe rumbun hujjoji. Ya ce matar aure ba ta tsayawa gaban maza. Ya ce ita ɗiyar malami ce. Ya ce mutane za su yi magana.

"Mutane suna magana tun randa anka ba mai kukan jaki ɗiyar malam, ban mutu ba," in ji ta. "In kuwa ƙarya aka nema, gidanga anka fi iya ta. Ba kullum nika ce maka ka yi kyau cikin kakinga ba?"

Ya fita yana cewa magana ta ƙare, shi ne maigida. Da magariba ta kawo masa akushi a rufe da faifai, ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye. Ya buɗe, wayam.

"Mi na wanga?"

"Tuwon ƙarya. Ci ka saba."

Washegari ma haka. Cikin namiji kuwa bai san aikin gwamnati ba. Mijinyawa ya je ya sami Bature ya ce ba sai an wahalar da mota zuwa Sakkwato ba, an sami mace a gida. Unguwa ta yi dariya har ta gaji, labarin akushin ya bi 'yan kasuwa har Shagari. Da sun san abin da akushin nan zai jawo, da wasu sun rage dariyar, shi kuma da ya haƙura da yunwa.

Mijinyawa ɗan maɗinki ne. Ubansa yana da rumfa a kasuwar Boɗinga, ya yi ta fama ya koya masa allura, amma duk rigar da Mijinyawa ya taɓa sai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Allah bai sa sana'arsa a yatsu ba, a maƙogwaro ya sa ta. Yakan yi muryar ladan har tsofaffi su fara laluben buta, ya yi ta dillali, ya yi ta mai nono da aka yi wa tayin raini, ya yi kukan jaki har jakunan kasuwa su amsa. Ran nan yana tsakiyar kwaikwayon Hausar wani Bature mai shan lofe, yana taƙama yana cije da tsinke a baki, sai ya ga masu dariya suna yin tsit ɗaya bayan ɗaya. Ya waiwaya, ga Baturen a bayansa da lofensa. Kowa ya ɗauka sai gidan yari. Sai Mai Lofe, don sunan da ya bi shi ke nan, ya ce, "Sake yi." Ya sake. Ashe Baturen majigi ne. Kafin kasuwa ta zagayo an ba shi kakin aiki.

A shekarun nan da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa, majigi mota ce da ke yawo gari gari da injin wuta da farin ƙyalle. In an idar da isha'i sai a kafa ƙyallen a fili tsakanin sanduna biyu, haske ya fito daga inji, mutane su bayyana a jikin ƙyallen suna tafiya suna motsa baki, amma ba murya. Muryar ita ce aikin Mijinyawa. Yana tsaye a gefe da lasifika, shi ne miji, shi ne mata, shi ne likita, shi ne akuya. Mai Lofe yana zaune a bayansa yana bin maganar da kunne, don Hausarsa ta ji ta fi ta faɗi, kuma in Mijinyawa ya kauce daga abin da aka tsara a Kaduna, sai ya ƙwanƙwasa lofe a jikin kujera. Ƙwas, ƙwas. Na ukunsu Ɗanladi direba, mai kula da inji, bawan Allah mai in'ina.

Mijinyawa ya so aikin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so aiki. In ya ji dariyar fili guda ta taso ta daki ƙirjinsa, sai ya bugu kamar wanda ya sha abin da ba a faɗi, bakinsa ya riga hankalinsa yin gaba. Mutanen da suka san shi daga baya, da furfura da babbar riga, yana gabatar da shiri yana fitowa a wasanni a akwatin talabijin na Kaduna, sun sha mamakin abu guda. Duk wasan da ya kai inda miji zai saki matarsa, sai ya miƙe ya ce a nemi wani. Suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne.

Wasan da aka ɗauka a Boɗinga kan fatar jan akuya ne, wadda Turawa ke so kamar su haɗiye. Magidanta biyu ne a ciki. Ɗaya mai hankali, yana fiɗa a tsanake yana shanya fata a inuwa a kan igiya. Ɗayan gaɓo, yana tsattsaga ta da wuƙa ya shimfiɗa a ƙasa rana ta toye ta. Ba sai an gaya wa kowa wanda Mijinyawa ya fito ba. Gaɓo ya kai fatarsa kanti aka watso masa ita, ya dawo gida, matarsa ta yi masa gori, ya nuna ta da yatsa ya sake ta, ta naɗe tabarma ta ɗora ƙwarya a ka ta fice, aka bar shi zaune da ruɓaɓɓiyar fata da ƙudaje. Darasin ke nan, wai wanda ya ɓata fata gidansa zai watse. Haka Turawa suka ga ya dace.

Ran da za a ɗauki wurin sakin, Mai Lofe ya ce, "Ka yi fushi sosai. Ka faɗi kome, akwatin ɗaukar hoto ba ya ji."

Atika tana durƙushe gaban akushi, lulluɓe har goshi. Ta ce ƙasa ƙasa, "Akwati ba shi ji, Allah na ji. Ka kuskura."

Sai Mijinyawa ya zare ido, ya ɗaure fuska kamar zai ci mutum ɗanye, ya nuna ta da yatsa, ya ce, "Atika, ko da wuƙa bisa wuyana ba ni sakin ki."

Ita kaɗai ta ji. Ta sunkuyar da kai don kada akwati ya kama murmushinta. Bature ya ce kukan ya yi kyau ƙwarai.

Aka tafi da hoton, aka yi damina aka yi kaka, sai da bazara ya dawo a naɗe cikin wani faffaɗan gwangwani, lokacin da zafi ke hana kare haushi. Aka ce da Boɗinga za a fara, sai Sifawa, sai Shagari.

Garin duka ya fito, har matan kulle suna leƙe ta saman katanga. Mutane suka ga kasuwarsu a jikin ƙyalle, suka ga akuyar wane, suka ga Atika, fili ya ɗauki ihu. Mijinyawa ya bugu. Da aka zo wurin yatsa, maimakon ya ce ke matar gaɓo ko ya laƙa mata wani sunan wasa, sai ya cika ƙirji ya kwarara a lasifika, har ana ji a bayan gari:

"Atika, na sake ki!"

Dariya ta kusa kayar da sanduna. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Malam Nuhu, mai makarantar allo ta bakin kasuwa, wanda ya zo don ya ga abin da zai hana ɗalibansa kallo. Ya tashi ya kakkaɓe buzunsa ya tafi. Da safe ya aika a kira Mijinyawa.

"Wace ta cikin ƙyallen?" in ji Malam Nuhu.

"Atika ta, Allah gafarta malam, amma..."

"Matar wa?"

"Matata."

"Wa yay yi maganar?"

"Ni na. Amma wasa na, malam. Gaɓon nika yi wa baki."

"Saki ba shi da wasa, Mijinyawa. Da mai dariya da mai kuka duk ɗaya na wurinshi. Ka kira sunanta, ka nuna ta, gari ya shaida. Igiya ɗaya ta tahi. Saura biyu."

Ba duka malaman garin suka yarda nan take ba. Akwai waɗanda suka ce mai ba da labari ba ya saki. Sai aka tambaye su ko sun taɓa ganin mai ba da labari yana kiran sunan matarsa ga fuskarta a gaban jama'a, suka shafa gemu. A nan maganar ta tsaya. Mijinyawa ya mayar da matarsa a gaban shaidu tun rana ba ta yi tsaka ba, ya koma gida yana ƙoƙarin mai da abin dariya. Atika ba ta taya shi ba. Tuwo ta ba shi, na gaske, ta zauna tana kallonsa yana ci, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ya je ya roƙi Mai Lofe a yanke wurin nan daga hoton.

"Hoto na gwamnati ne," in ji Bature. "Ba a yanka. Babu saki, babu darasi."

Mijinyawa ya ce to a bar Ɗanladi ya faɗi kalmar, tunda shi ba matarsa ba ce. Aka gwada a bayan mota. Ɗanladi ya riƙe lasifika da hannu biyu, ya runtse ido, ya ce, "Na s-s-s-s..." Da a fili ne, da matar ta naɗe tabarma ta isa gidan ubanta ta huta bai fito daga ciki ba. Bature ya karɓe lasifikar. Mijinyawa ya ƙudura a ransa in an zo wurin a Sifawa tari zai yi. Tari dai ba ya tsinka aure.

Labari ya riga mota isa Sifawa. Taron ya fi na Boɗinga, kuma ba wanda ya zo don ya koyi shanya fata. Tun gaɓo yana hanyar dawowa daga kanti samari suka fara tafi suna cewa, "Sake ta! Sake ta!" Yatsa ya tashi a jikin ƙyalle. Mijinyawa ya yi tarinsa. Fili ya yi tsit, fuskoki duk sun juyo wajensa, baki a buɗe, suna jiran ya ba su abin da suka zo nema. A bayansa, ƙwas, ƙwas. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa barin taro a tsaye da dariya maƙale a wuya ba. Sai ya ji wata murya, tasa ce amma kamar ta wani, tana fita ta lasifika:

"Na sake ki, Atika, tahi gidanku!"

Dariyar ta tashi, amma ba ta yi nisa ba ta katse kamar an sa mata wuƙa. Cikin shirun nan wani tsoho can baya, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya ce, "Biyu."

Kafin Mijinyawa ya koma Boɗinga an zo daga Shagari an tafi da Atika. Ya tarar da murhu a sanyaye, akushinsa a kife. Ya ari keke ya bi ta.

Ubanta, Malam Ummaru, siririn tsoho ne mai koyar da manyan ɗalibai a zaurensa, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ke tsoronsa. Mijinyawa ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin zaure, ya ce a gaban ɗaliban ya mayar da matarsa.

"Na ji," in ji Malam, bai ɗaga ido daga tasbaha ba. "Hakkinka na, ba ni hana ka. Amma igiya ɗaya ta rage, kuma an ce motarku nan za ta zo. Ɗiyata tana hannuna har motar ta wuce. In ta wuce ta bar ka da igiyarka, ka ɗauki matarka. In ba haka ba, ka san hukunci. Ba ta halatta gare ka sai ta auri wani. Tashi ka tahi."

Injin wuta ya lalace a kwanakin nan, aka aika Sakkwato neman ƙarfe, sai zaman jira ya ba labari damar yin ƙiba. A kasuwar Dingyaɗi ana zancen, a Dandin Mahe ana zancen. Mai hankali da sai ya tuɓe kakin ya ajiye ya koma ga allura. Mijinyawa ya naɗe kakin, ya kai har gaban Mai Lofe.

"An gaya wa hakimi," in ji Bature. "An gayyaci manyan gari. Wanda ya gudu daga aikin gwamnati a tsakiyar rangadi, 'yan doka suna kawo shi. Ka tsaya, ka faɗi abin da aka tsara. In ka canja, ka ajiye lasifika. Ba a nan kaɗai ba, duk Arewa."

Mijinyawa ya komo da kakin a hammata. Kuma don kada a yi masa ƙaryar kirki, ba tsoron 'yan doka kaɗai ya sa ya warware shi ya sake sawa ba. In ya tuna rumfar ubansa, da zama shiru daga safe har la'asar ba mai kallonsa, sai ya ji kamar an rufe shi da ƙasa.

Ran da mota ta shiga Shagari, hanya cike take da mutane, wasu a ƙasa wasu a jaki, duk fuska ɗaya suka nufa, kuma ba wanda ya ɗaga wa motar hannu. A bakin kasuwa wani ya tare shi da sabuwar hula. Yahaya ne mai tireda, taubashin Atika, ɗan ƙanwar Malam, wanda ya fara neman ta tun tana budurwa ta ce ita ba ta auren mai ƙirga ashana.

"Angon ƙyalle!" in ji Yahaya. "Ka zo da murya lahiya? Ungo citta, ka tauna, kada maƙoshi shi shaƙe maka wurin da aka so a ji."

"Riƙe abarka."

"Haba, ɗan'uwa. Kada ka damu, in abin ya hwaru ni za ni riƙe maka ita. Sai dai ka san halina, ni in na riƙe abu ba ni saki."

Masu rumfuna suka yi 'yar dariya ta hanci. Mijinyawa, mai amsa a bakin harshe ko cikin barci, ya raɓa shi ya wuce.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Mijinyawa bai taɓa roƙon ruwa da zuciya ɗaya irin na ran nan ba, don in an yi ruwa ba majigi. Iska ta taso ta ɗaga ƙyallen da Ɗanladi ke ɗaurewa, ya yi ta kaɗawa kamar likkafanin da aka shanya. Aka ji ƙamshin ƙasa. Sai hadarin ya karkata arewa ya tafi abinsa, ko ɗigo bai bari ba.

Mijinyawa ya zagaya bayan gidan Malam inda zana ta raba tsakar gida da hanya, ya yi gyaran murya irin tasa. Jim kaɗan ya ga ƙafafu biyu ta ƙarƙashin zanar, babu lalle.

"Kai na, mai baki?" in ji Atika.

"Ni na."

"An ce Yahaya ya shahe ɗaki da farar ƙasa."

"Na ji."

"Ya fi naka girma. Kuma shi ba shi kukan jaki."

"Atika, bakina nika tsoro. In sun fara tafi ba ni ka riƙe da shi ba."

Ta matso jikin zanar.

"Ni nis sa kaina cikin ƙyallenga, ban ce laifinka na kai ɗaya ba," in ji ta, muryar ta sauka. "Amma na san abin da mutumin cikin ƙyalle yac ce, don ni ɗaya nij ji shi. Ƙarya kaka yi mishi gari gari."

Ƙafafun suka juya suka tafi.

Bayan isha'i fili ya cika har kan bishiyoyi, amma ba irin cikar da ya saba ba. Masu gyaɗa ba su talla. Maza sun zauna sahu sahu kamar ana jiran a fito da gawa, mata can baya a gindin katanga. Malam Ummaru, wanda bai taɓa kallon majigi ba, ya zo da buzunsa ya shimfiɗa a gaba. Yahaya da sabuwar hularsa yana dama da shi.

Ɗanladi ya ta da inji. Mijinyawa ya yi muryar akuya, wadda ta kayar da mutane a Boɗinga, ba wanda ya motsa. Ya yi ta akawun kanti, shiru. Gumi ya jiƙa kakin har ƙugu. A jikin ƙyalle gaɓo ya kwashi fatarsa, ya kamo hanyar gida, ya shiga, ga Atika durƙushe gaban akushi. Daga ɓangaren Yahaya aka fara, ƙasa ƙasa, da tafi a hankali: "Sake ta. Sake ta." Ya bazu sahu zuwa sahu. Mijinyawa ya ji abin nan ya taso masa daga ciki, ya hau ƙirji, ya zo wuya. Ƙwas, ƙwas.

Yatsa ya tashi, ƙato, ya fi tsawon mutum. Duk yawon da aka yi da hoton nan taro yake kallo, bai taɓa tsayawa ya dubi bakin mutumin cikin ƙyalle ba sai ran nan. Ya dube shi. Leɓɓan suka buɗe, ya bi su:

"Atika, ko da wuƙa bisa wuyana ba ni sakin ki!"

Tafi ya mutu. Waɗanda suka kalla a Boɗinga da Sifawa suka ga abin da ba su gani ba a can: maganar ta zauna daram a bakin hoton, inda ta fara nan leɓe ya buɗe, inda ta ƙare nan ya rufe. Matar cikin ƙyalle ta sunkuyar da kai. Ta naɗe tabarma, ta ɗora ƙwarya. Mijinyawa ya siranta murya, sak ta Atika:

"To ni na yi yaji. In ka koyi shanya hwata, ka biyo ni Shagari da biko!"

Wata tsohuwa a gindin katanga ta rangaɗa guɗa, mata suka fashe da dariya, ta biyo ta kan maza ta iso gaba. Mai Lofe ya miƙe, ya zare lasifikar daga hannunsa.

"Ka gama," in ji shi.

Sauran hoton a shiru aka kalle shi, gaɓo zaune shi kaɗai, ƙudaje na bin sa. A daren aka karɓe kakin. Shekaru ya yi a rumfar ubansa yana ɗinka riguna masu hannu ɗaya dogo, ba mai kallonsa sai masu zuwa ƙorafi, kafin Turawa su fara haɗa kaya mutanen gidan rediyo su zo neman sa. Amma wannan daga baya ne.

Washegari da hantsi zauren Malam Ummaru ya cika, a waje ana jin Ɗanladi yana ɗaure kaya a mota. Yahaya bai kwana ba. Ya zo da ɗalibai biyu masu son a san sun yi karatu, suka ce magana ba ta ƙare ba. Hoton da aka nuna jiya shi ne na Boɗinga, shi ne na Sifawa. Yatsa ya nuna ta, ta kwashe kayanta ta fita, gari ya gani. Ko bebe da nuni yake saki. Baturen ma da kansa ya ce wasan na saki ne. Wani ya ce a'a, wani ya ce i, aka jawo littattafai, murya ta hau murya. Malam yana ta jan tasbaha, fuskarsa tana ƙara duhu, har aka fara ganin maganar tana karkata wajen sabuwar hula. Mijinyawa yana tsugune a bakin ƙofa cikin rigar aro. A bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida akwai ƙafafu biyu, ba su motsi.

Malam ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Mijinyawa, kai mi kac ce?"

Abin da ya faɗa shi ya rufe zauren. Bayansa ba wanda ya ƙara ko tari, sai Malam da ya toshe baki da hannun riga kafaɗunsa na rawa, ya aika ciki a ce wa Atika ta naɗe tabarmarta, ta gaske, mijinta na jira. Ga abin da Mijinyawa ya ce:

"Allah gafarta Malam, sau biyu bakina ya hwaɗa, kunka ƙirga, ban yi musu ba. Jiya kuwa kowa ya ji abin da bakina yac ce. In Yahaya ya ce na cikin ƙyalle ya saki tashi matar da yatsa, to tana can cikin gwangwani, Ɗanladi na ɗaure ta bisa mota. Tashi, Yahaya, ka bi ta da hularka tun ba su ta da inji ba, ita ta bazawara. Ka kai ta ɗakin da kash shahe, ta aza maka tuwon ƙarya, ka ci ka saba."